Ofishin gaidans ɗinmu da binciken fargabar jarrabawa, yadda abin ke tafiya

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

To Alhamdulillahi yau dai an bani makullin ɗakin gaidans, wato ofishin ba ɗalibai shawara. Tsohon sito ne a bayan lab, cike da karyayyun bencina da tsofaffin rijista da wani allo da ya ci ƙura, amma ni ya min. Da farko Hajiya firinsifal cewa tayi a bani ɗan ɗakin da ke manne da ofishinta tunda akwai fanka da silin, nace Hajiya kiyi haƙuri, wace yarinya ce za ta zo ta faɗi damuwarta a inda bais da masinja da duk mai shiga da fita ke kallonta? Tayi dariya tace ke kika sani, in zafi ya zo kar ki zo min da ƙorafi.

Aikin kashi biyu ne. Akwai farfaɗo da ofishin ba da shawara na makarantarmu, makarantar 'yan mata ce ta jeka-ka-dawo a cikin gari, sannan akwai binciken digiri na biyu da nake yi a kan fargabar jarrabawa a wajen 'yan SS3. Sufabaiza ɗina, Malamin da ke duba binciken, shi ne yace in dinga rubuta yadda abin ke tafiya, wai ranar rubuta babi na uku na kundin, na yadda aka gudanar da binciken, zan gode masa.

Abin da ke bani haushi shi ne maganar nan ba sabuwa bace. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a samar da masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare, an sake bitar ta a 1981 da 1998 da 2004 da 2013, maganar tana nan daram a takarda. Amma a zahiri malamar gaidans ita ce wadda aka liƙa mata suna kawai, firiyod ɗinta na koyarwa cike, ba ɗaki ba lokaci. Ni ma yanzu haka ina da azuzuwan Civic, an dai rage min. Ƙungiyar masu ba da shawara a makarantu ta Amurka cewa take mutum ɗaya ya riƙe ɗalibi 250. A nan wajenmu aji biyu da rabi kenan, ni kuma makaranta guda ce a kaina.

Alhamis, 10 ga Oktoba, 2024

Yau ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, sai nayi amfani da ita na roƙi minti goma a asambili. Na tambayi yaran me ake yi a ofishin gaidans, wata daga baya ta ɗaga murya tace Malama nan ake kai mutum in an kama shi da waya, aka kwashe da dariya har da malamai. Kuma gaskiyarta ce, abin da suka saba gani kenan.

Na faɗa musu ba bulala a ɗakin, ba tsallen kwaɗo, ba kiran iyaye sai da sanin yarinya, kuma abin da aka faɗa min yana nan tsakaninmu. Amma na faɗa musu iyakar sirrin tun yanzu kowa na ji, in yarinya za ta cutar da kanta, ko za ta cutar da wani, ko wani yana cutar da ita, to wannan ba zan riƙe ni kaɗai ba, kuma ita zan fara faɗa wa kafin in faɗa wa kowa. Wata malama tace min da baki faɗi wannan ba, za su tsorata. Ni kuwa na fi son su tsorata yau da a ce gobe yarinya ta buɗe min cikinta sannan ta ji maganar a ofishin firinsifal, ai daga ranar an rufe ɗakin kenan ko da ƙofarsa a buɗe take.

Kafinta ya haɗa min akwatin katako mai kwaɗo, an kafe shi a jikin bangon hanyar famfo, inda kowa ke wucewa lokacin tara, don kar a gane wadda ta jefa takarda.

Laraba, 30 ga Oktoba, 2024

Akwatin nan ya fi ɗakin ciniki. Akwai shirme kam, akwai masu ƙarar mai awara wai ta rage girma, akwai wadda ta rubuto waƙa. Amma sauran kuwa sai a hankali. Wata a bayan takardar lissafi da ta yago, rubutun ƙanana kamar bata son a gani, tace Malama ni in aka raba takarda hannuna rawa yake kuma duk abin da na karanta sai ya gudu, in na fito kuma ya dawo. Wata tace sai ta gama wanke-wanke da ɗora koko ta kai ƙannenta sannan ta taho, kullum a bakin get ake tare ta. Wata kuma maganar aure ce, an ce da ta gama NECO za a sa rana, ita kuma nas take so ta karanta. Yawanci ba suna, sai dai in amsa a dunƙule ranar asambili.

Mun ɗan yi ja-in-ja da malamar horo. Ta fara turo min 'yan makara a jere wai in yi musu nasiha, nace Malama dan Allah ki bar horo a wajenki, in suka ga daga get ake koro mutum zuwa wajena shikenan na zama reshen ofishinki. Mun tsaya a kan cewa wadda makararta ta yi yawa ta bani sunanta a ɓoye, ni zan neme ta da kaina wata rana daban. Ba ta ji daɗi sosai ba amma ta yarda.

Talata, 19 ga Nuwamba, 2024

Ɓangaren bincike. Ma'aunin fargabar jarrabawa da zan yi aiki da shi na masanin halayyar ɗan adam Spielberger ne na 1980, tambaya 20, kowacce da zaɓi huɗu daga kusan ban taɓa ji ba har kusan kullum, maki yana kamawa daga 20 zuwa 80. Abu biyu yake aunawa, tunanin faɗuwa da ke cin mutum a rai, da kuma abin da jiki ke yi, bugun zuciya, gumi, ciwon ciki, rawar hannu. Wannan rabon tun 1967 Liebert da Morris suka kawo shi, kuma abin da bincike ya fi nunawa shi ne tunanin ne ya fi ɓata maki, ba rawar jikin ba. Dalilin ba wuya, ƙwaƙwalwa iyakar abin da za ta riƙe a lokaci guda kaɗan ne, in rabi ya tafi a me Baba zai ce, me 'yan ajinmu za su ce, saura me ya rage wa tambayar da ke gabanka.

Mun mayar da tambayoyin Hausa, malamin Hausa ya fassara, wata malamar Turanci da bata taɓa ganin na asalin ba ta sake mayar da su Turanci, muka zauna muka gwada inda aka sha bamban. Daga nan gwajin farko a wata makarantar daban don a ga ko tambayoyin suna tafiya tare, abin da ake nema alfa ɗin Cronbach ya kai 0.70, namu ya haye. Abin dariya, duk da na ce ba jarrabawa bace ba maki, sai ga yara suna leƙen na juna, wata har tana rufe nata da mayafi. Dole na raba su na karanta musu tambayoyin ɗaya bayan ɗaya da baki.

Takardar izini daga sashenmu na jami'a zuwa ma'aikatar ilimi ta fito, takardun yardar iyaye kuma da Hausa na rubuta su, gajeru. Tsarin shi ne rukuni biyu, a auna kowa da farko, rukuni ɗaya ayi musu zama na sati shida, a sake auna duka. Na dage sai an rubuta cewa rukuni na biyu su ma za a yi musu zaman daga baya. Ba zan tara yara in tabbatar suna cikin damuwa sannan in bar su haka don tebur ɗin babi na huɗu, na sakamakon bincike, ya yi kyau ba.

Ɗan tsokaci, in ka shiga laburare ka duba kundayen da aka yi a fannin nan, da yawa take ɗaya ne, sunan ƙaramar hukuma kawai ake canzawa, Dala yau, Gwale gobe, jibi Fagge, kuma kowanne sakamakonsa ya yi nasara. Ban taɓa cin karo da wanda ya ce dabarar bata yi aiki ba. Allah Ya sa da gaske ne.

Litinin, 9 ga Disamba, 2024

Yau nayi baƙo, mahaifin wata 'yar SS1, ɗan kasuwa ne a Kwari, da kansa ya zo da carbinsa a hannu ya zauna a bakin benci ya ƙi jingina. Yarinyar ce ta roƙi in kira shi. An sa ta sayans saboda shi likita yake so, ita kuma Chemistry da Physics sun ƙi ta, amma in ka ga rubutunta na Turanci da Government sai ka riƙe baki. Yace Malama ni duk gidanmu ba likita, matanmu in sun je asibiti namiji ke duba su, shi yasa na ci buri a kanta. Wallahi hujja ce mai kyau, ban musa masa ba.

Nace Alhaji bari in nuna maka yadda abin yake. Na ɗauko sakamakonta na ajiye a gabansa, nace mai neman likitanci a JAMB Turanci da Physics da Chemistry da Biology zai rubuta, maki 400 ne gaba ɗaya, kuma gurbin likitanci ko a BUK ko a ina masu maki na sama-sama ke kokawa a kansa. Ya daɗe yana kallon takardar yana bin layin da yatsa, sannan ya juya wajenta yace ke me kike so, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi tace Baba lauya. Yayi shiru. Nace Alhaji matan da ke zuwa kotu kan gado da riƙon yara su ma suna neman mace da za ta tsaya musu. Bai ce eh ba bai ce a'a ba, yace zai yi shawara da mahaifiyarta, a bari zuwa ƙarshen zango na biyu a gani. Ni wannan ma ya ishe ni, da ma ba ni zan yanke ba.

Asalin sana'ar nan ma daga irin wannan zaman ta faro. Frank Parsons a Boston a 1908 ofishin zaɓen sana'a ya buɗe wa matasa, a Najeriya kuma a 1959 ne wasu sistocin cocin Katolika a makarantar St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga waje su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin ayyuka. Ƙungiyarmu ta masu ba da shawara ta Najeriya, CASSON, sai 1976 aka kafa ta. Na fara tunanin ranar sana'o'i a zango na uku, in samo nas da lauya da mai gwajin jini da tela mai shago, duk mata 'yan Kano, yara su gani da idonsu.

Laraba, 15 ga Janairu, 2025

An fara zaman rukuni, sanyi da hazo, kowa da safa da rigar sanyi a ƙarƙashin hijabi. Tabarma na shimfiɗa muka zauna a da'ira, ni ma a ƙasa. Zaman farko ba wanda ya ce uffan sai da na bar shirun ya yi tsawo har ya dame su, sannan wata tace ita ranar jarrabawar kwalifayin a SS2 amai tayi a bakin aji, sai ga hannuwa, ni ma, ni ma.

Nan ne aikin yake da wuya ga wanda ya taso a garin nan. Mu nasiha muka iya, yaro na buɗe baki mun riga mun jero masa kiyi haƙuri, ki dage, ki yawaita addu'a, kuma duk gaskiya ne, amma yarinyar ta ji su a gida ta ji a Islamiyya ta ji a asambili, abin da bata samu ba shi ne wanda zai bari ta kai aya. Abin da masanin halayyar ɗan adam Carl Rogers ya kafa hanyarsa a kai kenan, sauraro ba tare da yanke hukunci ba, a aji yana da sauƙin haddacewa, a kan tabarma kuwa sai ka ji bakinka na ƙaiƙayi.

Abin da muke yi a zaman, numfashi a hankali, a ja ta hanci a saki a hankali ya fi jan tsawo, wannan na jiki ne. Na tunani kuma hanyar masana Ellis da Beck ta gyara gurɓataccen tunani, yarinya ta rubuta abin da ke zuwa mata a rai, misali in na faɗi lissafi rayuwata ta ƙare, sai mu tambaya a rukuni, da gaske? Wa kuka sani da ya faɗi ya sake? Kowa tana da yaya ko anti da ta sake NECO ta waje kuma yanzu tana FCE ko makarantar nas. Na kuma faɗa musu ba so ake fargabar ta tafi gaba ɗaya ba, kamar gishiri ce a miya, in babu lami in ta yi yawa ba a ciyuwa. Addu'a kuwa ban raba ta da aikin ba, su da kansu suka ce za su haɗa numfashin da Hasbunallahu, nace madalla.

Jadawalin karatu shi ya fi cin lokaci, don wanda ke cikin littattafanmu na yaron da ke da ɗakinsa da tebur da wuta ne. Namu sai da muka zagaye Islamiyya da girki da ɗiban ruwa da ɗauke wuta, yawanci bayan asuba ne kawai ya rage musu, minti talatin zuwa arba'in, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa maimakon haddar nota.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, 2025

Satin nan ya yi nauyi. Wata yarinya ta faɗi a aji, kafin in iso an taru a kanta ana cewa mutanenta ne suka tashi, wata na neman a kira mai ruƙiyya. Ban yi gardama da kowa ba, na dai sa aka watse aka bata iska, da ta dawo na tambaye ta me ta ci, tun tuwon daren jiya ba komai. Dokata yanzu, duk wadda ta faɗi a fara tambayar abinci, zazzaɓi, al'ada, sikila, kafin a tafi ko'ina.

Ɗayar kuma ta fi ƙarfin ofishina, ba zan faɗi komai da zai sa a gane ta ba. Bacci ya ƙaurace mata makonni, ta daina cin abinci, ta faɗi wata magana da ta shiga cikin iyakar da na faɗa musu a Oktoba. Na ce mata dole in sa babba a ciki, ta zaɓi mahaifiyarta. Da na ambaci asibiti uwar ta dafe ƙirji tace Malama Dawanau za ki kai min 'ya, wa zai aure ta? Nace Hajiya akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, kati za a yanka a ga likita a dawo gida kamar mai hawan jini. Ta yarda da sharaɗin kar dangin uba su ji. Sun je, an fara dubata.

Ni ba likita bace, ba na sa wa ciwo suna ba na ba da magani, kuma sanin inda aikinka ya tsaya yana cikin horon. A 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta yi rijistar masu sana'ar ba da shawara, a Janairun 2023 kuma aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Dokokin sun yi, amma malama a sito bayan lab abin da take buƙata lambar wani likita ko nas da za ta kira, yanzu na samu guda biyu na rubuta a bangon fayil.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, 2025

An rufe makaranta, azumi gobe ko jibi. Zama na shida da awo na biyu duk a satin nan muka cusa su, Allah Ya taimaka an gama. Takardun na kulle a kabad ɗin gida, lamba ce a jiki ba suna.

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

An dawo, zafi kuwa Hajiya firinsifal ta faɗa, ban dai kai ƙorafi ba. Rukuni na biyu sun fara nasu zaman, a matse, sau biyu a sati. JAMB ranar 24 ga wata za a fara, sai na gano da yawa cikin masu rubutawa basu taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, waya kawai suka sani, to wannan wace dabarar numfashi ce za ta yi maganinsa? Na aro laftof biyu, lokacin tara suna zuwa bibbiyu suna gwada danna amsa da komawa baya da kallon agogon da ke ƙirgawa a saman allo. Wata da ta ga agogon na sauka sai ta janye hannu ta ɗora a cinya, nace ja numfashi, ta ja, ta ci gaba.

Alhamis, 15 ga Mayu, 2025

Sakamakon JAMB ya girgiza kowa, cikin kusan mutum miliyan 1.9 sama da miliyan 1.5 basu kai 200 ba, jiya kuma shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya amsa cewa an samu matsalar na'ura da ta shafi mutum 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, za su sake rubutawa. Kano bata ciki, amma tun safe yara ke shigowa, Malama mu ma za a sake mana? Aikin yau kenan, zama da masu kuka, da lissafa musu hanyoyin da suka rage, canjin kwas, kwalejin ilimi, foli, ko sakewa baɗi, tare da tuna musu NECO na gaba kuma ita ce tushe.

Na gama shigar da bayanai a SPSS, manhajar lissafin bincike, ba zan faɗi adadi ba sai Malam ya duba. Amma akwai abin da na kai masa tun kafin lissafi. Lokacin da nake karanta musu abubuwa a rukuni na lura wasu daga cikin masu makin fargaba mafi yawa basa iya karanta sakin layi ɗaya na Turanci su faɗi abin da ya ƙunsa, suna SS3. Irin wannan yarinyar tsoronta ba gurɓataccen tunani bane da za a gyara da tambayar da gaske, daidai ta hango, takardar za ta zo da yaren da bata ji. In na haɗa ta da wadda ta iya karatu amma hannunta ke rawa na ce matsalarsu ɗaya, ma'aunin zai yarda, ni ban yarda ba. Malam yace ki ɗauko makinsu na Turanci na zangon farko mu raba su gida biyu mu ga ko zaman ya yi wa kowane ɓangare aiki iri ɗaya, in bai yi ba ki rubuta haka, babu wanda zai kayar da ke a difens, ranar kare kundi, don kin faɗi gaskiya. Na nemi makin a ofishin jarrabawa, sun ce ranar Litinin.

Na kuma yi magana da malaman Turanci biyu kan ajin karatu na 'yan SS1 bayan tashi, ɗaya ta yarda, ɗaya tace sai an duba maganar kuɗin mota. Ranar sana'o'i an sa ta bayan babbar Sallah, nas da tela sun amsa, lauya nake nema har yanzu. Alhajin Kwari ya aiko, an mayar da yarinyar ajin arts tun farkon zangon nan.